Kunkurun Kawu Ilu da 'Yan Rakiyar Inna

Da sunan Allah nake ci gaba. Wannan babin na daɗe ina kewaya shi kamar mai kewaya rijiyar da ba murfi, domin a cikinsa maganar kakarku take, kuma na san abin da kuka ji. Kun ji cewa ni na sallami Inna ta koma ƙasar Hausa saboda gidanmu na unguwar Ammariyya a Jidda ya yi mana kaɗan bayan na auri mahaifiyarku. Gwaggonku Hajara ce ta faɗa muku, Allah Ya ji ƙanta, kuma ban ce ta yi ƙarya ba; abin da idonta ya gani ta faɗa. Gidan ya yi kaɗan, wannan gaskiya ne. Ni na ce wa Inna ta tafi, wannan ma gaskiya ne. Amma a tsakanin biyun akwai wani kwana da muka yi a bakin teku, kudu da Jidda, wanda Hajara ta kalla ta wata fuska, ni kuma ta wata. Zan faɗi tawa gwargwadon abin da tsufa ya bar mini, inda na yi kuskure Allah Ya yafe.

A shekarar ban daɗe da dawowa daga karatu a Misra ba. Na sami aiki a wani kamfanin jiragen ruwa kusa da tashar jiragen, ina fassara takardun kaya, kuma kun san halina: ba na iya rufe ƙofa sau ɗaya in wuce, sai na dawo na taɓa kwaɗon. Baba ya rasu ina can wajen karatu, saboda haka na dawo na tarar ni ne namijin gida, ni da ban taɓa yanke shawarar abin da ya fi sayen takalmi ba. Lokacin ruwan famfo bai shigo lungunmu ba, masu ruwa ne ke kawowa a garwa biyu rataye a sanda, suna kira tun daga bakin lungu. In na tuna gidan yanzu, ba ɗakunan nake gani ba. Saman soro nake gani bayan la'asar, igiyar shanya tana lilo, ƙanshin teku yana zuwa yana komawa, da Inna zaune a gefen inuwa ta miƙe ƙafafu, da tsohon kwano a gabanta.

Tana da wata sana'a da ba ta sayarwa. Takan tara lif, wato soson nan mai launin ƙasa da ke naɗe a gindin ganyen dabino, ta tsattsage shi da yatsu har ya yi laushi kamar gashin tsohuwa. Sai ta yayyaga tsummokaran auduga; ba ta yarda da na nailan ba, ta ce narkewa suke yi, ba sa ci. Ta narka kitsen wutsiyar rago a kan garwashi, ta jefa guntattakin kyandir ɗin da maƙwabta ke tara mata, in akwai busasshen ɓawon lemo ta daka ta barbaɗa. Sannan ta ɗebi lif kaɗan ta naɗe da tsumma kamar girman babban yatsa, ta bar masa ɗan gashi a ka inda wuta za ta kama, ta tsoma gindin a cikin kitsen, ta jera a faranti su daskare. 'Yan rakiya take ce musu. Ɗaya tak, in ka cusa shi ƙarƙashin itace, zai yi ta ci a hankali har jiƙaƙƙen itace ya bushe ya kama, ko da iska na kaɗawa. Hatta ashana takan tsoma kawunanta a narkakken kyandir saboda damshin Jidda da ke kashe ta a cikin kwali. In za ka ƙyasta sai ka kankare da farce. Mu kuwa risho muke girki da shi, ba mu da bukatar ko ɗaya. Duk shekara takan raba wa alhazan da ke sauka a unguwarmu gwangwani bayan gwangwani, su tafi da su Mina, amma ba su taɓa ƙarewa ba, domin ba ta taɓa dainawa ba. Mun ɗauka abin ɗebe kewa ne irin na tsofaffi.

A wannan shekarar Kawu Ilu ya zo aikin hajji. Ƙanen Inna ne ciki ɗaya. Tare suka baro gida da ƙafa, shi da ita da Baba, amma shi ya tsaya a Sudan ya zama direban lori, su suka haye teku. Bayan hajji bai koma nan da nan ba, ya tsaya yana gyaran motoci a bayan tasha, kuma ya ƙi kwana a gidanmu. Ya ce wanda ya tsufa yana kwana a ƙarƙashin lori ba ya iya barci a ɗakin da ba ya motsi. Sai ya samo wata tsohuwar motar raba burodi da aka jefar a bayan gareji, ba taya ba numfashi, ya tashe ta, ya mai da ita ɗaki. Ya yi mata gadon katako da ake naɗewa a jingine da bango. Ya ɗaure gangar ruwa a bayan kujerar direba ya lulluɓe ta da buhu, ana jiƙa buhun iska na sanyaya ruwan. Kowace kanta ya buga mata ɗan katako a baki don kada kwanoni su zubo a hanya, ya huda taga a rufin, ya naɗe tamfol a gefe wanda in an warware shi ya zama rumfa. Yaran lungu suka sa mata suna Kunkuru, saboda tana ɗauke da gidanta kuma ba ta sauri.

Wata ranar Juma'a muna cin abinci a tsakar gida, ni da shi a tabarma ɗaya, Inna da Hajara a can gefe, sai ya suɗe hannu ya ce, kamar mai ba da labarin farashin dawa:

"Yaya, bara waccan na kai kaya har Barno, na ce tunda na zo nan bari in ƙarasa gida. Na ga Asabe. Tana nan da ranta. Har ta yi jika."

Inna ba ta ɗago ba. Ta tashi ta tafi wajen murhu ta buɗe tukunyar da aka riga aka sauke, ta leƙa, ta rufe.

Mun san muna da ya a ƙasar Hausa, Baba ya taɓa faɗa mana sau ɗaya ko biyu. Ita ce Asabe, 'yar farinsu. An yaye ta a wajen kakarta kamar yadda ake yi, tafiya ta taso, kakar ta ce ba za a ɗauki yarinyar da ba ta gama warware kukan yaye ba a shiga daji da ita. A bari ƙanen Baba ya biyo da ita a ayari na gaba. Ayarin bai taso ba. Su kuma suka yi shekaru a hanya suna noman auduga a gonakin mutane don samun guzuri, aka haife ni a Jidda, aka haifi Hajara, shekaru sama da talatin suka shige. A duk tsawon wannan lokaci ban taɓa jin Inna ta ambaci yarinyar ba. Maƙwabtanmu Larabawa Umm Harun suke kiranta, da sunana, tana amsawa.

Kawu ya ce in sanyi ya fara ja da baya zai koma, kuma in tana so zai tafi da ita har ƙofar gidan Asabe. Sai dai kowa a tsakar gidan ya san abin da hakan ke nufi. Inna ta shigo ƙasar nan ne a ƙaramin jirgin katako, ba ta tasha ba, kuma takardar da aka samar mata daga baya ta zama ce kawai. In ta fita, ƙofa ta rufe.

"Ni mai gidana ya rasu," in ji Inna daga bakin murhu, bayanta na gare mu. "A hannun Haruna nake. Abin da ya ce shi ke nan."

Hajara ta ajiye cokali. Ita Larabci ya fi zama a bakinta, Ummi ma take ce wa Inna.

"Esh hada, mene ne wannan, ya Kawu? Ka zo ka ci abincinmu ka ɗauke mana uwa? Matar da ko sunanta Ummi ba ta tunawa? Halas, ya isa, Yaya Haruna, ka ce a'a mu huta."

Na ce maganar tana bukatar nazari. Na ce ta wani ɓangaren akwai hanya da wahalarta, ta wani ɓangaren kuma akwai zumunci. Na ce wataƙila a jira a ga yadda lafiyarta za ta kasance. Haka na yi ta faɗa har watan ya ƙare, wani ya kama. A raina ina son ta zauna, so mai tsanani; mahaifiyarku tana da cikin babbanku, kuma ban san yadda ake zama a gidan da ba Inna a saman soro ba. Amma na kasa cewa zauna, domin duk lokacin da na buɗe baki sai in tuna yadda ta leƙa tukunyar nan. Kawu ya sa mini suna Ustaz Wataƙila, har masu ruwa suka ɗauka.

Inna ce da kanta ta kawo maganar fita. Ta ce tana so ta ga wurin da jirgi ya sauke su, in Kunkuru za ta iya kaiwa. Kawu ya ce Kunkuru za ta kai ƙasar Sin ma in an ba shi lokaci.

Na yi shiri kamar za mu haye Sahara. Na ɗauko risho da galan ɗin kananzir, fitila biyu don ko ɗaya ta ƙi, maganin ciwon kai, maganin ciwon ciki, bargo, laima, da wata igiya da har yau ban san abin da na yi nufin yi da ita ba. Kawu ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallona.

"Ya zol, kai mutumin nan, kwana ɗaya za mu yi. Ko kana shirin buɗe kanti ne wa ƙaguwa?"

Amma bai hana ni ba. Ya dai nuna mini in sa masu nauyi a ƙasa tsakanin tayoyi, kananzir a can baya nesa da abinci, abin da za a fara bukata kuma a bakin ƙofa. Inna ta fito da ƙullin tufafinta, da buta, da gwangwanin madara guda cike da 'yan rakiya. Hajara ta zo ne, in ji ta, don kada a yanke magana a bayan idonta.

Muka bar gari da hantsi. Gidaje suka yi ta raguwa har suka ƙare, kwalta ta ƙare, sai sawun motoci a kan rairayi. Inda yashi ya fara laushi Kawu ya tsaya ya rage wa tayoyi iska, ya ce taya mai tauri haƙa take yi, mai laushi kuwa tafiya take kamar tafin raƙumi. Ni kuma na tabbatar sau uku cewa famfon hura taya yana cikin mota. Ya nuna mini wani fili fari fes, shimfiɗaɗɗe kamar an share, ya ce kada in taɓa yarda da irinsa: sabka ce, gishiri a sama, taɓo a ƙasa, tana haɗiye mota har ƙirji. Muka kewaye ta. Can gaba ƙawalwalniya ta tashi, tuddai suka rabu da ƙasa suna shawagi, wasu raƙuma uku suka wuce kamar suna tafiya a kan ruwa ba ƙafafu. Inna tana kwance a gadon katako tana kallon sama ta tagar rufin. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce ba ta taɓa sanin ana iya tafiya a kwance gida na bin mutum ba, da an san haka da ba a bar kowa a baya ba. Kawu ya yi tari ya canza giya.

Ba mu tabbatar mun sami wurin ba. Ta sa muka tsaya sau biyu ta sauko ta duba ta ce ba nan ba ne. A na uku ta daɗe tsaye tana kallon wani ɗan tudu mai ƙaya, ta ce ko nan ne ko ɗan'uwansa. Na so mu sauka a wani kwari mai inuwar bishiya, Kawu ya ce a'a. Ruwa yakan sauka a duwatsu can nesa inda ba ka gani, ya zo ya same ka a kwari rana na haskawa. Muka hau tudun. Ya juya Kunkuru ta fuskanci hanyar da muka fito, don in wani abu ya taso ba sai an tsaya juyawa ba, wannan kuwa ya kwanta mini a rai ƙwarai. Ya sa gefenta ya tare iskar arewa, muka warware tamfol ta ɗaya gefen. Turaku ba sa riƙe yashi, saboda haka muka ɗaura igiyoyin a tsakiyar sanduna muka binne su a kwance, muka tattake. Ya ce kowa ya rataye takalminsa a mota in zai kwanta, da safe kuma ya kakkaɓe, kunama ma tana son ɗaki.

Na kunna risho na dafa shayi, muka sha a ƙarƙashin rumfa. Daga nan ranar ta zama wani abu da ban iya ba ku shi a jere ba. Teku ya kwanta, kore a kusa, shuɗi a nesa, ba ka gane inda ya ƙare sama ta fara. Wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, ja-ja kamar an wanke su da ruwan lalle, suna tsaye a cikin ruwa ba sa motsi. Inna ta cire takalmi ta shiga har idon sawu, gefen zanenta na jiƙewa, ta daɗe tana kallon yamma. A can yamma ɗin ne Sudan take, bayanta Chadi, bayanta Barno, bayanta wani ƙauye da ban taɓa gani ba. Ina zaune ina ganinta ƙarama a tsakiyar hasken, sai na ga kamar yarinya ce da aka sauke yanzu daga jirgi, ba ta san harshen kowa ba, ba a haife ni ba tukuna.

Da rana ta yi ja ta ce ba za ta ci tuwon risho a daji ba. Ta sa muka tsinto itacen da teku ya tofo, mai damshi da gishiri, da busasshen kashin raƙumi. Ta kafa duwatsu uku, ta jingina ƙananan ƙirare kamar bukka ta bar wa iska ƙofa, ta cusa ɗan rakiya guda a ciki, ta kankare ashana da farce. Wutar ta tsaya a kan gashin lif ƙarama, ba ta gaggawa, itacen yana tsattsafo da ruwa yana fitar da tururi, ƙanshin kitse da lemo ya tashi, can sai ya kama, harshen wutar kore-kore saboda gishiri. Hajara ta zuba mata ido, sannan ta ce:

"Ummi, billahi ina tambayarki. Wannan da za ki bar mu saboda ita, faɗi sunanta mu ji. Sau ɗaya kawai. In kin faɗa, ni da kaina zan haɗa miki kaya."

Inna ta gyara itace.

"Miƙo mini muciya," in ji ta.

"Kun gani? Shuf, duba, ya Yaya! Ba ta ma iya faɗa."

"Ke 'yar Jidda," in ji Kawu, "Allah Ya shirye ki. Yi shiru ki ci tuwo."

Ku da aka haifa a nan, dole in tsaya in yi muku bayani, domin ni ma a lokacin sanin kunne kawai na yi wa abin. A ƙasar Hausa ta su Inna, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an ambace shi sai ta kau da kai. Kunya ce, kuma gwargwadon yadda mace ta riƙe ta, gwargwadon mutuncinta. Mu kuwa mun tashi a cikin mutanen da uwa ke ɗaukar sunan ɗan farinta ta mai da shi nata, a kira ta da shi a kasuwa tana murmushi. Da ma'aunin Jidda muka auna shirun Inna, ni da Hajara, muka ga ba komai a ciki.

Daren ba abin da zan ce a kansa. Na yi barci fiye da yadda na zata. Da muka yi asuba gari ya waye da hazo a kan ruwa, Kunkuru ta jiƙe da raɓa. Muka wanke kwanoni da yashi don tattalin ruwa, muka tone sanduna, muka naɗe tamfol. Na zo da buta zan kashe sauran garwashin, sai Inna ta ce in bari. Ta durƙusa ta rufe shi da toka da yashi har hayaƙi ya ɗauke. Sannan ta tara sauran itacen a gefe, ta ɗebi 'yan rakiya uku da ashana kaɗan ta ƙulle a tsumma, ta ɗaga ɗaya daga duwatsun murhun wanda ya huce, ta yi ɗan rami ta ajiye, ta mai da dutsen, ta ɗora ƙaramin dutse fari a kansa. Hannunta ya yi abin ne da sauri, kamar alwala. Ta tashi ta nufi ruwa don wanke hannu.

Na ce wa Kawu, a hankali, wa zai zo nan? Ko makiyayi ban gani ba.

"Al'adar hanya ce," in ji shi. "In ka tashi daga zango ka bar wa na baya abin kunna wuta, ka sa farin dutse ya gane. Kowa yakan yi in yana da hali." Ya murza igiyar da ke hannunsa. "Ita kuwa ba ta taɓa tsallake zango ba. Tun daga ƙofar gari har bakin teku. Ranar da ba mu da kitse, man da za ta shafa a ƙafarta da ta tsage ta sa. Babanka ya yi faɗa, ta ce ayarin baya da ƙaramar yarinya suke tafe, in sun sauka da ruwan sama kada a daɗe ba a ɗumama mata kunu ba. Ƙaramar yarinya. Haka take cewa, kamar 'yar wasu."

Na tuna gwangwanayen da ke jere a saman soro, da alhazan da take bi har bakin lungu tana cusa musu a jaka, tana tambayarsu daga wane gari, ta wace hanya. Ba zan ce na fahimci komai ba, har yau ba na cewa haka. Amma na gane cewa in na ce zauna za ta zauna, ba za ta taɓa yi mini ƙorafi ba, za ta hau soro bayan la'asar ta ci gaba da naɗe lif har ranar da za a sauko da ita. Kuma na gane ba za ta taɓa roƙona ba, domin roƙon ma ambato ne.

Na same ta a bakin ruwa. Na durƙusa kamar yadda ake yi, gwiwata a jiƙaƙƙen yashi. Na shirya jawabi mai ɓangare biyu kamar kullum, da sharuɗɗa, da in Allah Ya kai mu. Ban san inda ya tafi ba.

"Inna, ki tafi," na ce. "Ki bi Kawu."

Ta dube ni.

"Ba wataƙila?"

"Babu."

"To, Allah Ya yi maka albarka, Haruna. Tashi, wandonka na jiƙewa."

Hajara tana tsaye a jikin mota, ta ga durƙusona, ta ji abin da na ce, ba ta ji abin da Kawu ya faɗa mini ba. Na yi ƙoƙarin gaya mata a hanya, ta toshe kunne da mayafi. Na sake gwadawa a shekarun da suka biyo baya, amma kun san yadda nake magana. Kafin in gama share fage ta tashi. Ba ta zo tasha ranar tafiyar ba. Ni na riƙe wa Inna ƙullinta har gindin tsanin jirgi, ta hau a bayan Kawu tana riƙe da igiyar gefe, ba ta waiwayo ba. Bayan wata biyu aka haifi babbanku, wata maƙwabciya ce ta yi wa mahaifiyarku wankan jego. Ban sake ganin Inna ba. Na yi ta shirin zuwa, kowace shekara da dalilin da ya sa ta gaba za ta fi dacewa, har labarin rasuwarta ya riga ni.

Shekaru bayan haka wata hajiya daga ƙauyen ta sauka a unguwarmu, aka kawo ta gidanmu. Hajara na nan ranar, ta zo duba mahaifiyarku. Na tambayi matar yadda aka yi ranar da Inna ta isa.

"Ai gari ya fito," in ji ta. "Asabe ta zo da furfurarta ta durƙusa tana kuka. Tsohuwar nan ta gaisa da kowa, har da yaran maƙwabta, ta tambayi damina, ta tambayi wa ya mutu wa ya saura. Asabe kuwa ko kallo. Sai ta juya fuska ga bango ta ce a ba ta ruwa. Tsofaffi suka ce, kai, Makka ba ta ɓata ta ba."

Hajara ta buga cinya.

"Ka ji ko? Ta haye teku, ta bar mu, ta je ko kallonta ba ta yi ba!"

Hajiyar ta dube ta da mamaki, kamar ba ta gane abin da ya ɓata mata rai ba.

"Wa ya kawo ruwan, 'yar nan? Ai daga ranar har ta koma ga Allah, ba ta ƙara cin abinci daga hannun kowa ba sai na Asabe."